Neman Hannatu a Agadas

Tun da na dawo daga Agadas ban auna wake tiya goma a jere ba sai wani ya tsayar da ni da tambaya. A bakin magaza, ɗakin ajiyar wakena, tambaya, a majami'a bayan an tashi sujada tambaya, har matan zumunta sun tsiri zuwa gidana wai gaida Inna, alhali labari suke so. Na ba wannan rabi, na ba waccan rabi, yanzu labarin yana dawo mini da ƙarin da ban san shi ba. Jiya wata ta ce ta ji wai a kan raƙumi na shiga garin. Ban hau raƙumi ba, a babbar motar fasinja na je, a cikinta na dawo. Shi ya sa na zauna in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, kowa ya karanta ya bar ni in yi ciniki. Kuma gaskiya ni ma ina jin daɗin faɗinsa, don har yanzu in na tuna sai in ji kamar in tashi in taka rawa.

Ni ƴar kasuwa ce, bari in fara da abin da na ɗora a kan tafiyar nan. Na farko, kwana goma na tsakiyar kakar wake. Wanda ya san sana'armu a Maraɗi ya san abin da nake nufi. Cikin ƴan makonni ake sayen waken da za a ci moriyarsa shekara guda, kuma manoman ƙauyuka ukun da na daɗe ina saye a hannunsu ba za su jira ni ba, in ban zo ba wani zai zo. Na biyu, sunana. An san ni da cewa in na faɗi magana ba na janye ta, da wannan na gina magaza biyu bayan rasuwar mijina. Na uku, wanda ya fi duka, Inna. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, ta rage cin abinci, kuma duk wanda ya ɗaga labulen ɗakinta sai ta tambaya ko Hannatu ce. Hannatu ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara ashirin da biyu rabonta da Inna, kuma ni na jawo.

Ga yadda aka yi. Babanmu ya rasu Hannatu tana ƙarama. Ni na riƙe gidan, ni na sa ta lakwal, wato makaranta, da kuɗin sana'ar ƙuli-ƙuli har ta zama ungozomar asibiti. Aka tura ta aiki Agadas. Bayan shekara biyu ta zo gida ta ce ta sami miji, Musulmi, maƙerin azurfa, sunansa Gumar, kuma za ta bi addininsa. Mu kuwa gidanmu tun kakanmu masu bin Yesu ne. Na fitar da akwatinta waje, na ce a gaban maƙwabta ba ni da ƙanwa. Daga baya ta dawo da jaririya a goye don Inna ta gani. Na rufe ƙofar gida na sa sakata. Inna tana kuka a ciki, ita tana ƙwanƙwasawa a waje, ni ina tsaye a tsakiya ina ganin kaina jarumar bangaskiya. Wasiƙun da ta aiko bayan nan ban buɗe ko ɗaya ba. Inna a gidana take, don haka rufe wa Hannatu ƙofata rufe mata uwarta ne.

Da Inna ta fara rauni sai na fara addu'a. Shekara shida ina roƙon Allah ya kawo Hannatu kafin Inna ta tafi. Na riƙe alkawarinsa cewa yana jin mai roƙo, na yi azumi, na sa matan zumunta suka taya ni. Shiru. Har na fara jin haushi irin na wadda ta ba da sautu kaya ba su iso ba.

Ranar Lahadin godiyar kaka na kai buhun wake na farko gaban majami'a kamar kowace shekara. Fasto ya yi karatu a kan wanda ya kawo wa Allah baiko alhali akwai ɗan'uwan da ya yi wa laifi, cewa sulhun ake fara nema kafin baikon. Na ji karatun nan ya fi sau hamsin a rayuwata, kullum ina tuna waɗanda suka yi mini laifi. Ran nan ne na fara jin da ni ake. Kaka Tabita, wadda ta fi kowa tsufa a zumuntarmu, tana zaune kusa da ni. Ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Saratu, shekara nawa muna taya ki roƙo?"

"Shida, Kaka."

"Gwiwoyina sun gaji. Ke kika sa sakatar nan, kuma kina jira Allah ya sauko ya zare miki. Ya yi alkawarin ji, bai yi alkawarin ya yi miki naki aikin ba. Tashi ki je."

Na ce to, zan je bayan kaka.

"Ki fara tambayar Inna ko za ta jira wake," ta ce.

Da aka ba da lokacin shaida sai na ga kaina a tsaye ina gaya wa ikilisiya gobe za ni Agadas. Bakina ne ya faɗa, ni kuma ina jin sa kamar na wata. Ban san gidan ba, ba ni da lambar salular Hannatu, sunan miji kawai da sana'arsa. Fasto ya haɗa ni da matar faston wata ƙaramar ikilisiya a can, Madam Lidiya, ta ce za su sauke ni. Magaza na bar wa ɗiyata Rahila.

Daga Maraɗi zuwa Damagaram ba abin faɗi, hanya ce da na sani kamar tsakar gidana. Abin da ya dame ni kawai shi ne manyan motocin da muka riƙa wucewa wajen Tasawa, kowace shaƙe da buhunan wake. Na ƙirga bakwai, sannan na ja gyale na rufe ido. Na sauka gidan wata abokiyar cinikina. Da ta ji inda za ni ta ce, "Agadas a tsakiyar kaka? Saratu, in zinariya kika jiyo ki gaya mini in ɗauko takalmina."

Washegari da asuba muka kama hanyar arewa. Kuskuren farko tun a gida na yi shi: leshina na Lahadi na sa, wai kada Agadasawa su raina ni. Sauran fasinja kowa ya naɗe kai da fuska, kowa da bidon ruwansa a ƙarƙashin kujera. Ni ruwan leda biyu na riƙe. Bayan Tanut, inda kwalta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, na gane dalili. Kafin azahar leshin ya koma kalar bangon ƙasa.

Kusa da ni wani Bazamfare ne, Malam Sani, magidanci mai furfura a gemu, za shi haƙar zinariya Cibarakatan, can wajen iyakar Aljeriya. Shi ya ba ni ruwa daga bidonsa ban roƙa ba. Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa, ya ce a'a.

"To wa ya ce maka akwai?"

"Wani ɗan garinmu ya dawo ya yi rufin kwano."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Mama. Na sayar da san nomana na taho. In Allah ya rubuta zan samu. Amma ko ya rubuta, ba a tsakar gidana ramin yake ba."

Na mayar masa da bidonsa. Ga mutum ya kama hanyar kwana da kwanaki saboda rufin kwanon wani, ni kuwa da alkawarin Allah a hannu na zauna shekara shida ina jira a kawo mini har ɗaki.

A shingen jandarma aka karɓi katin kowa. Ƴan Nijeriya da sauran baƙi aka sauke su aka kai wata rumfa, muka daɗe muna jiransu cikin rana. Duk ƙasa ɗaya ce, amma a nan na ji kamar na tsallaka iyaka, don daga nan kowa sai ya faɗi inda za shi da abin da zai je yi. Jandarman da ya dawo mini da katina ya dubi hoton, ya dube ni. Hoton tun ina siririya ne.

"Madam, wannan ke ce ko ƙanwarki?"

"Ni ce. Ƙanwata tana Agadas, wurinta za ni."

Ya miƙo mini ya wuce. Bai san shekara ashirin da biyu rabon bakina da kalmar nan ba. Na zauna ina maimaita ta a zuci kamar mai gwada sabon takalmi.

A Adarbisanat muka tsaya cin abinci. Matan Abzinawa suna sayar da cuku, busasshen nono ne fale-fale kamar takarda. Na yi tayi irin na kasuwar Maraɗi, na tsaga farashin biyu ina jiran a fara ja. Matar ta dube ni, ta rufe kayanta da tabarma, ta juya ta ci gaba da hira da maƙwabciyarta. Sai da na ba da haƙuri ta sayar mini. Na gatsa, haƙorina ya kusa zama a garin. Wata fasinja ta ce a shayi ake tsoma shi ko a ɗan gasa a wuta.

A nan ne salula ta kama, sai ga Rahila. "Mama, Alhajin nan da ke bin bayanmu ya shiga ƙauyen farko da kamiyo biyu, manyan motocin kaya. Manoma sun ce za su jira ki zuwa jibi, bayan nan ba su sani ba."

Na ɗaga kai, ga wata motar fasinja tsaye a ɗaya gefen hanya, ta fito daga Agadas za ta kudu. Ba zan ɓoye muku ba, na tsallaka na tambayi direban ko akwai wuri. Ya ce akwai ɗaya. Na tsaya tsakanin motoci biyu kaina yana gudu. In na juya, jibi ina ƙauye. Agadas ba za ta gudu ba. Har na fara shirya wa Allah bayani.

Abin da ya tsayar da ni ba wata murya ba ce daga sama, ƙa'idar kasuwa ce. A wurinmu in ka ce ka saya a gaban shaidu, ko farashi ya faɗi kafin ka kai gida, kayan naka ne. Ban taɓa tashin ciniki da ɗan Adam ba, da Allah zan fara? Na ce wa Rahila ta sayi abin da za ta iya, na kashe salular, na koma kujerata. Da motar kudu ta tashi sai na ji wani irin sauƙi, har na fara rera waƙar zumunta a hankali.

"Mama, ko albishir aka yi miki?" in ji Malam Sani.

"Asara aka gaya mini, Malam."

Ya dube ni, ya ɗan matsa wajen taga.

Muka shiga Agadas da la'asar. Madam Lidiya ta zo tasha ta ɗauke ni a adaidaita. Gajera ce mai yawan dariya, ƴar Dogon Dutsi, sun daɗe a garin. Gidansu yana jingine da majami'ar, ɗaki uku da rumfa, an shimfiɗa farin rairayi a tsakar gida ana share shi kamar yadda muke share siminti. Ta ba ni tukuɗi mai sanyi, gero da dabino da cuku a dame, na kafa kai ban ɗago ba sai da kwanon ya ƙare. Furarmu ta yi haƙuri, wannan ya fi ta.

Abubuwa da yawa a garin nan a juye suke. Maza ne ke rufe fuska, sai ido kawai, mata kuwa fuskarsu a buɗe, kuma ba sa rage murya don namiji yana wurin. Gaisuwa ba a riƙe hannu, sai a shafa tafi a zare, a sake shafawa a zare, ana tambayar gajiya da zafi da iyali har ka manta abin da ya kawo ka. Na kuma tambayi Lidiya yadda ake sayar da wake a nan, don ba zan iya hana kaina ba. Da ta faɗa na ajiye abin a kaina.

Bayan mun ci abinci na gaya mata abin da ya kawo ni, da sunan ƙanwata da na mijinta. Ta dube ni sama da ƙasa. Sai na kawo shirina. A sana'ata ba na zuwa wurin mai kaya da kaina in ina matuƙar son kayan, don yana ganin fuskata zai tsawwala. Dillali nake turawa ya fara jin bakinsa, ni in fito daga baya. Na ce mata ina son mutum mai wayo wanda ya san garin, ya je ya jiyo mini inda Hannatu ta tsaya.

"Yaya Saratu, Ubangiji cewa ya yi ki aika, ko ki je?"

"Ai na zo. Kwana biyu a mota. Sauran ƴan takun nan kowa ma zai iya."

Ta yi dariya. Ta ce a Agadas wannan aikin maƙera ne. Su ke kai maganar aure, su ke shiga tsakanin waɗanda suka ɓata, abin da mutum ke jin nauyin faɗa su suke faɗar masa. Ta ce ta san wanda ya fi kowa iyawa, za ta aika ya zo da safe. Na ce madalla, tunda maƙeri ne ma zai san Gumar.

"Zai san shi," ta ce.

Ya zo da hantsi. Dogo ne, da farar riga da baƙin rawani da ya ja har ƙarƙashin ido, hannuwansa duk tabon wuta. Ya zauna nesa da ni a bakin tabarma, kansa a ƙasa, ya fito da ƙaramar buta da ƴan kofuna daga jakarsa, Lidiya ta kawo masa gawayi. Na buɗe baki zan fara, ta taɓa gwiwata. Sai an sha na farko. Na zauna ina kallon yana zuba shayi daga sama yana mayarwa, yana zubawa yana mayarwa, ni kuwa ina tuna kamiyo biyu a ƙauyena. Na farkon ɗaci ne zalla. Na lura ya ba ni, ya ba Lidiya, shi bai sha ba. Na ɗauka azumi yake.

A kofi na biyu na shimfiɗa masa sharuɗɗa. Kada ya ce na iso garin. Ya ce tsohuwa ce ba lafiya take neman ɗiyarta. In ta ambaci sunana ya saurara ya ji inda zafin ya kai. Maganar ban haƙuri kada ya fara fito da ita, ya riƙe ta sai in babu wata hanya. Kuma ya nemi lokacin da mijin ba ya nan.

"Don mi, Madam?" Muryarsa a hankali take.

"Don shi ne tushen abin. Shi ya raba mu."

"Kin san shi?"

"Ko inuwarsa ban taɓa gani ba."

"Yana dukanta?"

"Ban sani ba."

"Yana barin ta da yunwa?"

"Ban sani ba."

"To mi ya yi?"

Na ce ya aure ta. Da na faɗa sai na ji maganar ba ta da nauyi, na ƙara mata: na ce na tabbata irin mutanen nan ne masu daɗin baki da ke ruɗin ƴan matan da suka zo aiki daga kudu. Lidiya ta tashi da sauri wai za ta duba tukunya.

Ya haɗa na uku, mai zaƙi, ya miƙo mini da hannu biyu. Sai da na kai baki ya ce, "Ranar da aka rufe ƙofa a Maraɗi, ni ina zaune a tasha da kayanta, don ta ce in jira sai ta share mini hanya. Har la'asar na jira. Jaririyar da ke bayanta ran nan, wata uku ke nan da ta haihu."

Na ajiye kofin. Shekara talatin ina ciniki, ban taɓa zazzage wa mai kaya cikina kaf irin na ranar nan ba. Lidiya ta dawo tana share hawayen dariya. Ta ce Hannatu ce ta karɓi haihuwar ƴaƴanta uku, duk unguwar an san ta.

"Kuma ba ki ga bai sha ba? A nan namiji ba ya ci ba ya sha a gaban surukarsa, rawani kuma sai ya ja shi har ido. Ke kika riƙe ta, uwa ce ke a wurinsa. Tun da ya zauna yake gaya miki ko shi wane ne, ke ce ba ki iya karatun ba."

Na ce masa ya yafe mini. Ya ce ba komai, an faɗa masa abin da ya fi haka a wurin aikin sulhu. Sai ƴar kasuwar da ke cikina ta sake ɗago kai. Na ce to, tunda Allah ya haɗa mu, wa ya fi shi dacewa ya kai maganar?

"A'a, Yaya. Saƙon kowa a garin nan ina kaiwa, wannan ba zan ɗauka ba. Ba fushi ba ne. Ta san aikina gyaran magana ne. Duk abin da na kai mata za ta ce ni na goge shi ya yi ƙyalli, ba haka ya fito daga bakinki ba. Zan kai ki bakin ƙofa. Daga nan sai ƙafarki."

Na shiga ɗaki na durƙusa. Addu'ata ba ta yi tsawo ba. Na ce, "Ubangiji, na gane. Ka riƙe mini baki kada in yi tayi."

Muka bi lungunan tsohon gari masu ƙunci, shi a gaba ni a baya, doguwar hasumiyar masallaci tana ɓacewa tana fitowa. Ya tsaya gaban wata shuɗiyar ƙofar ƙarfe, ya nuna mini da haɓa, ya juya ya tafi maƙerarsa.

Na yi sallama na shiga. Tana zaune a kan ƴar kujera tana yi wa jariri wanka a baho, ɗiyarta tana tsaye da tawul. Ta yi furfura. Wannan ban shirya masa ba, yarinya na bari a kaina. Kuma fuskar Inna ce sak. Ta ɗago ta dube ni, hannunta bai daina cuɗa jaririn ba. Da ta gama ta miƙa shi ta ce wa ɗiyar, "Kawo wa baƙuwa ruwa."

Ban jira ruwan ba. Na durƙusa a kan rairayi a gabanta. Ku da kuka san mu kun san babba ba ta durƙusa wa ƙanwa.

"Inna ta rasu ne?" ta ce.

"Tana nan. Sunanki take kira."

"To ke me ya kawo ki?"

"Aiko ni aka yi. Shekara shida ina roƙon Allah ya kawo ki gida, ya nuna mini ni ce zan zo. Hannatu, na zalunce ki. Na raba ki da uwarki na kira abin bangaskiya, alhali girman kai ne. Ba ni da hujja ko ɗaya. Ki yafe mini."

"Kin zo ki mai da ni majami'a ke nan."

Da a kasuwa ne, da nan zan sha kwana. Na ce, "A mota na yi wannan tunanin, ba zan yi miki ƙarya ba. Kuma ba zan daina yi miki addu'a ba. Amma ba shi aka aiko ni ba. Haƙuri aka ce in ba ki, shi na kawo."

Sai ta fara. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wasiƙa goma sha ɗaya ta rubuta. Ta ce huɗu ta haifa, babu wadda ta zo mata jego daga gidansu, har dangin miji suna tambaya ko daga sama ta faɗo. Ta ce ɗaya ya rasu yana da shekara biyu, ta rubuto, ta yi wata guda tana zuwa tasha duba masu sauka. Wannan ban sani ba. Yana cikin wasiƙun da ban buɗe ba. Sau uku amsa ta zo mini baki, sau uku na haɗiye ta. Da ta gama ta ce, "Tashi, Saratu. Ɗiyata na kallo." Na tashi na sha ruwan. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce za ta zo ba. Ta sa aka raka ni bakin hanya.

Kwana huɗu na yi ina jira a gidan Fasto, kuma su ne mafi wuya a tafiyar. Na ce wa Lidiya na yi abin da aka ce, ina kayan? Ta ce, "Naki kika yi. Nasa ba ke za ki sa masa rana ba." Ranar Lahadi na shiga sujadarsu. Mutanen ba su kai rabin namu ba, amma daga ƙasashe barkatai, waɗansu ma'aikata, waɗansu masu jiran motar hamada. Aka yi waƙa da Faransanci, aka yi da Hausa, aka yi da harsunan da ban taɓa ji ba, gangarsu kuwa tsohon bido ne. Ban san lokacin da na tashi na shiga rawa ba, alhali ba ni da amsa a hannu.

Bayan an tashi sai ga Gumar a bakin rumfa.

"Yau da saƙo na zo, Yaya, kuma ban goge shi ba. Ta ce ki sayi tikiti biyu na Talata. Ta ce kada kujerun su zama kusa da juna."

Na yi guɗa a tsakar gidan Fasto har awakin maƙwabta suka firgita. Na rungume Lidiya na ɗaga ta sama. Gumar ya ga alamar shi ne na gaba, ya ƙara jan rawaninsa ya ja da baya.

Haka muka dawo, ita a kujera ta huɗu, ni a can baya inda ake jin kowane rami a ƙashin baya. Kwana biyu maganarmu ba ta wuce ta sauka da hawa ba. Ban damu ba. Ina hangen ƙeyarta ina godiya.

Muka iso Maraɗi Laraba da azahar. Inna tana kwance. Da aka ɗaga labule ta ce kamar kullum, "Hannatu ce?"

"Ni ce, Inna."

Inna ta juyo. Ta miƙo hannu ta shafa fuskarta tun daga goshi har haɓa, sannan ta ce, "Kin daɗe a hanya." Abin da ya biyo baya nasu ne, na saki labulen na fita.

To ga yadda cinikin ya tsaya. Ƙauye biyu cikin uku sun sayar wa Alhaji, magaza ɗaya rabinta fili ne bana. A kasuwa ana cewa Saratu ta janye maganarta ta cewa ba ta da ƙanwa, kuma gaskiya ne, na janye. Hannatu ta yi mako biyu, tana sallarta a ɗakina, ni nake ajiye mata ruwa a buta. Ta koma ba ta kira ni Yaya ba ko sau ɗaya, kalmar yafewa kuma har yau ban ji ta daga bakinta ba. Akwai kuma asarar da ban san da ita ba sai da na je, ita ce mafi girma: ƴaƴan ƙanwata sun girma ban goya ko ɗaya ba, ɗaya ma ba zan taɓa ganinsa ba a duniya. Wannan ba zai dawo ba, kuma ba Allah ne ya yi jinkiri ba.

A ɗaya gefen, abin da na roƙa na samu ba ragi. Hannatu ta bar lambarta a salular Rahila, kowace Juma'a tana kira, ta ce za ta kawo jikan in ya ɗan yi ƙwari. Inna kuwa ta tashi zaune. Shekaranjiya na kai mata tuwo, ta ɗanɗana ta ture kwanon, ta ce miyar ba gishiri, wai ta Hannatu ta fi daɗi, in je in sake. Na je na sake. Ta cinye.